Yarinyar Nan da ke Birni

Argungu, 9 ga Nuwamba, 1998

Zuwa ga Abdussamadu jikan Sauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan ka saba da ruwan Birnin Kebbi. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta ƙulla gaba da ni tun ɗaukewar damina. In ka manta ni, ni ne Labbo, ɗan baffan kakarka. Ranar sunanka a Kaduna ni na riƙe ragon, ya shure ni, don haka tun ran nan nake bin ka bashin gaisuwa. Matata Riskuwa ta ce a gaya maka kai ne mijinta na gaske, ni riƙon ƙwarya nake yi. Na ce to, ka zo ka ɗauki cefane.

Shekarun baya, wajen wata jana'iza a Gulma, wani malamin asibiti ya ba mu labari. Wai a ƙasar Turawa an ƙera wani ƙarfe mai tsiro da ƙuraje. Makaho ya ɗora yatsa ya karanta abin da ke cikin kwamfuta, in ya gama ƙurajen su nutse, wasu su taso. Na ce masa ni ma na taɓa jin kada ya yi limanci a gulbin Matan Fada. Mu da munka tashi gaban tsofaffi masu tatsuniya muna jin ƙamshin ƙarya tun tana kan wuta. Daga baya na sake jin zancen a bakin mutum biyu, ban dai yarda ba. Tunda an ce kai ne sabon malamin kwamfuta a kwalejin kimiyya ta Birni, ka raba ni da wanga labari: akwai shi ko babu?

Sai wata 'yar magana. Ka nemi yarinyar nan tamu da ke Birni. An ce an kawo musu kwamfuta, kuma in ba ta iya da ita ba zuwa bayan ƙaramar salla, za a maido muna ita gida. Ba za ta roƙe ka ba, ba halinta ba ne. Ka duba abin da za ka iya.

Tamba direba ne zai kawo maka wagga takarda. In ta yi warin albasa, ba laifina ba ne.

Naka,
Labbo

Birnin Kebbi, 4 ga Disamba, 1998

Zuwa ga Kaka Labbo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na yi murna ƙwarai. Allah ya ba gwiwa haƙuri, ai ta yi ƙoƙari, shekara saba'in tana ɗauke da kai. Ka gaishe mini da matata, ka ce ta ƙara haƙuri da tsohon.

Malamin asibitin nan ka nemi gafararsa. Ƙarfen yana nan. Faɗinsa kamar allon karatu ne, da layi ɗaya na ƙananan ramuka. Cikin kowane rami akwai ɗan tsinke mai tasowa ya koma. Su ne ke haɗa baƙaƙen rubutun makafi, irin na ɗigo-ɗigo. A littafi na gan shi, ban taɓa taɓa shi ba, kuma ban ce akwai ko ɗaya a jihar nan ba.

Batun yarinya kuwa, ka kwantar da hankalinka. Na nemo 'yarka Mansura a sashen akanta na kwalejinmu. Ban gaya mata abin da ka rubuta ba, don kada ta ji kunya. Na ce mata kawai daga yau kullum bayan la'asar tana da darasi a wurina. Sati uku ke nan muna yi, shi ya sa na jinkirta amsa, ina so in zo maka da sakamako. Kanta yana ja. Na kuma bincika a ofishin jarrabawa, babu mai shirin korarta. Wanda ya kawo maka wannan labarin shi ne mai kada a Matan Fada.

Jikanka,
Abdussamadu

Argungu, 7 ga Disamba, 1998

Abdussamadu,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, sai dai da na karanta takardarka na ajiye ta na yi salati, har Riskuwa ta fito da ludayi a hannu tana tambaya wa ya mutu.

Kai yaro, da Mansura nake nufi, mi zai hana in ce Mansura? Ga shi na rubuta sau biyu hannuna bai karye ba. Amma laifina ne da na manta Kaduna ta raine ka, inda na ji uba yana tsayawa bakin titi ya ƙwala wa ɗansa na fari kira kamar mai tallan kifi.

Akwai wadda ta girmi Mansura da shekara goma sha biyu. Ita ce ta fari a gidanga. Sunanta ka tambayi ƙanwarta. Tana da shekara huɗu ƙyanda ta shigo unguwarmu, ta ɗauki yara shida, ita ta bar ta da rai ta tafi da idanun. Ta daɗe zaune a ɗaki tana sauraren wasan yara ta taga, kafin anka kai ta makarantar makafi. Can ta koyi ɗigo-ɗigon nan da buga tafireta. Da anka ba mu jiha tana cikin na farko da anka ɗauka aiki, a wani ofishin gwamnati nan Birni. Ana yi mata magana a kaset, tana bugawa. Ita ke biyan hayarta, ita ke zaɓen zanen da za ta ɗaura.

Yanzu za a kwashe tafiretocin. Tafireta tana da ƙararrawa, tana da ƙara, hannu yana jin inda takarda ta kai. Ita kwamfuta an ce mugun shiru gare ta, sai ta yi tambaya a fuskar gilashi ta zauna tana jiran amsa. Wanda bai gani ba ya zai san an tambaye shi?

Abin da ya sa na tono maka zancen ƙarfe: na ji Mansura tana gaya wa uwarta cewa wata Baturiya da ta koyar da yarinyar ta bar mata wani abu cikin akwati da za ta koma ƙasarsu. Yana ƙarƙashin gado shekara biyu, babu wanda ya san bakinsa. Ban ce shi ne ba. Ka je ka gani.

Sati huɗu sun tafi. Ba faɗa nake ba. Mansura dai ta ci riba, Allah ya sa ta amfana.

Labbo

Birnin Kebbi, 23 ga Disamba, 1998

Kaka,

Barka da shan ruwa. Ina fata azumi ya zo muku da sauƙi. Kunya ta hana ni rubutu da wuri.

Mansura ta kai ni wurin Goggo Ni'ima. Muna shiga ta ce, "Wannan ne malamin da ya tsare mini ƙanwa sati uku yana ba ta maganin ciwon da ni ke fama da shi?" Na rasa inda zan sa kaina. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta sa aka kawo mini kunu.

Kaka, shi ne. Ƙarfen ne, da ransa. Na jona shi da wuta, tsinkayen suka taso gaba ɗaya suka koma, kamar ya yi miƙa. Amma faifan da ya kamata ya zo da shi babu, littafinsa kuma da wani harshen Turai ne da ban sani ba. Misalin da zan ba ka shi ne Bakabe da Bazabarme a zaure ɗaya, kowa da maganarsa, babu tafinta. Kwamfuta tana da abin faɗa, ƙarfen yana da kunne, ni ne zan rubuta musu tafintan. Na ari tsohuwar kwamfutar wani abokina na kai ɗakinta. Ina aika wa ƙarfen lamba ɗaya ta waya, Goggo ta shafa ta gaya mini tsinken da ya tashi, in rubuta, in aika wata.

Na yi wani shirme. Don in koyi baƙaƙen na ɗauki allon da take huda takarda da shi na kwafa yadda na ga tana yi. Ashe su daga bayan takarda suke hudawa, daga dama zuwa hagu, sai an juya a karanta. Da na gwada mata layin farko, ta shafa ta ce, "Abdu, ka iya rubutu, amma sai na kwanta ƙarƙashin tebur zan karanta." Kwana biyar suka tafi a gyara.

Babbar matsalar wuta ce. A unguwarsu wani lokaci awa ɗaya ake samu a yini, wani lokaci babu. Sau biyu tana ɗaukewa ina tsakiyar aiki, abin da na rubuta ya bi iska. An sa ranar gwaji: Litinin ta farko bayan salla. Gaskiya ban ga za mu kai ba.

Shi ya sa nake roƙonka. Shugaban ofishinsu, Alhaji Ummaru, an ce mahaifinsa abokinka ne tun makarantar allo. Ka zo ka gan shi, ya ƙara mata ko wata biyu. Tafiyar awa ɗaya ce. Na ce wa Goggo zan rubuta maka, ta ce in bari, wai ba ka taɓa taka ƙofar gidanta ba, ba yanzu za ka fara ba. Tana murmushi ta faɗa, amma ni abin ya tsaya mini. Na san akwai kunyar ɗan fari, Kaka, ba a daji na tashi ba. Amma aikinta ne fa zai tafi. Kunya ta fi wannan?

Abdussamadu

Argungu, 27 ga Disamba, 1998

Abdussamadu,

Barkanmu da shan ruwa. Lafiya muke. Gwiwa ta ce in gaishe ka.

Ba zan zo ba. Ka ji ni da kyau kafin ka yi fushi.

In na shiga ofishin Ummaru da sandata, zai tashi ya ba ni kujerarsa, ya ƙara mata wata biyu, ko shida ma. Daga ran nan duk wanda ya wuce teburinta zai ce ga makauniyar da anka bari don ubanta. Shekara bakwai tana wurin ba wanda ya faɗi haka, don ba ta ba su dalili ba. Ba ni zan ba su ba. Ita ma da ta ce ka bari, abin da take gaya maka ke nan, kai ka tsaya kallon murmushi.

Zancen ƙofar gidanta kuwa, gaskiya ta faɗa. Ni ma na fari ne wurin ubana. Har ya rasu ban ji sunana a bakinsa ba, "wancan" nake. Amma duk ranar da za mu shiga ruwa kamun kifi da homa, gorar da ta fi kowace ƙwari ita nake tararwa a bakin ƙofata, kuma ban taɓa ganin wanda ya ajiye ba. Ku yaran yanzu sai an ce muku ana son ku da baki, kamar sanarwar rediyo.

Tamba zai sauke maka wani ɗan janareta. Wanda nake ɗaga ruwa da shi ne a lambu. Albasar bana ba ta son ruwa da yawa, yana nan zaune yana cin tsatsa. Na Mansura ne, ta yi karatun dare. In ta ga dama ta ajiye shi a ɗakin yayarta, ba ruwana. Ka ja igiyar a hankali, yakan yi tari biyu kafin ya tashi, kada ka zage shi. Galan ɗin mai yana tare da shi. Ba sai an ce daga ina ya fito ba.

Labbo

Argungu, 27 ga Janairu, 1999

Abdussamadu,

Bayan gaisuwa, da barka da salla, ko da ta wuce. Wata guda ke nan ban ga rubutunka ba. In maganata ce ta ɓata maka rai, tsoho ne, ka yafe.

Mansura ta zo salla ita kaɗai, kwana biyu ta koma. Abin da ta ce kawai, kuna ta fama. Litinin ɗin da ka faɗa shekaranjiya ce. Jiya Tamba ya ce ya ga ana fitar da tafiretoci daga ofishinsu ana lodawa a mota. Ya ce kuma ya ga yarinyar a kasuwa da ƙanwarta suna cinikin wata babbar jaka. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.

Na sa an share ɗakin da ke kusa da rijiya, inda ta zauna tana ƙarama. Riskuwa ta shiga ta ga tagar nan, ta fito ta ɗora tukunya ba ruwa a ciki.

Ni ina lambu yawancin yini. Na gyara tsohon jigon ubana, ina ɗaga ruwa da shi. Maƙwabta suna cewa Labbo ya koma zamanin Kanta Sarkin Kabi. Motsa jiki ne.

In abin bai yiwu ba, ba laifinka ba ne, ka yi abin da ɗan'uwa ke yi. Roƙona ɗaya: ka sanar da ni kafin ta iso. Ba ta ganin fuska, amma tana jin numfashin mutum, ina so in shirya nawa.

Labbo

Birnin Kebbi, 29 ga Janairu, 1999

Kaka,

Ina gaisuwa, ina neman gafara. Ban yi fushi ba. Na dai yi kwana biyu ina yi, sannan aiki ya cinye ni, sannan aka hana ni rubutu.

Sirrinka bai kwana ba. Ranar da na ja igiyar janaretan, ya yi tari ɗaya, ya yi na biyu, Goggo ta ajiye kofin da ke hannunta. Ta ce, "Wa ke ba albasa ruwa?" Na ce na Mansura ne. Ta ce, "Abdu, zauna mu yi aiki." Daga ranar ba ta ƙara yi mini wasa ba sai da tafintan ya fara magana. In na ce mu huta, sai ta ce man wani muke ƙonawa.

Na janye tambayar da na yi maka a takardata ta baya.

Sakamakon gwaji kuwa, an ce in na rubuta ko kalma ɗaya ba ni ba kununta har abada. Ita za ta kawo wannan takardar gobe. Janareta yana bayan motar Tamba.

Jikanka,
Abdussamadu

Argungu, 1 ga Fabrairu, 1999

Abdussamadu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwa ta kumbura ta yi kamar tulu, Riskuwa tana ɗaure ta da ganye tana yi mini faɗa, ta ce in gaya maka ta fasa aurenka, kai ma ba ka da tausayi.

Sun iso ranar Asabar da hantsi. Ina bayan zana ina murɗa igiyar jigo na ji tsayuwar mota. Na leƙa ta hudar zana, abin da ban taɓa yi ba. Ba babbar jaka. 'Yar ƙarama ce a kafaɗarta, irin ta mai kwana biyu. Na koma na zauna.

Ta gaida uwarta daga nesa, ta gaida "mutanen gida", na amsa da gyaran murya. Anka shimfiɗa musu tabarma a gindin zanan, daidai inda nake, kuma na san ba kuskure ba ne. Sai ta ɗaga murya kamar ƙanwarta tana hayin gulbi, alhali gwiwarsu na gugar juna.

"Mansura, kin san an ce akwai wani ƙarfe mai tsiro da ƙuraje?"

Mansura ta ce, "Yaya, ni fa na ɗauke shi a ka har ofis. Jakar da munka saya saboda shi ce."

"Yi shiru ina ba ki labari. Akwai shi. Ranar Litinin anka zaunar da mu mu tara, kowa da kwamfutarsa. Anka sa muna kaset. Na buga, na buga, sai na ɗora yatsa na bi layin. Mansura, na tarar na bar baƙi ɗaya a baya. Na koma na sa shi. Shekara bakwai ina bugawa, sai dai wani ya zo ya ce kin yi kuskure, in ce to. Ran nan ni na riga kowa ganin nawa."

Uwarta tana bakin murhu tana ta hura wutar da ta riga ta kama.

"Shida anka ɗauka, har da ni. Teburina yana kusa da ƙofa. An ce in zo da ƙarfena kullum." Sannan ta ce, "Ki gaya wa mai lambu an maido masa da kayansa. Ki ce har yanzu tari biyu yake yi, ya kamata a duba shi. Ki tambaye shi albasa nawa ta rage."

Na ce, "Riskuwa, a gaya wa baƙi albasa ta yi kyau bana."

Riskuwa ta ce, "Rabi ta ƙone."

Na ce, "A ce musu rabin da ta rage ta yi kyau."

Sai na ji dariya ta bayan zana, irin wadda take yi tun tana ƙarama, kafin ƙyanda. Igiyar da nake murɗawa ta warware, na sake ta daga farko.

Ɗakin kusa da rijiya na sa an zuba albasar a ciki. Iska tana shiga ta tagar, ya dace da ita. Sun koma jiya da yamma, yau tana bakin aiki. Buhu ɗaya yana wurin Tamba, naka ne, ladan tafinta. In ka zo, ka zo da bakin labari, ina so in ji yadda ka sasanta Bakabe da Bazabarme.

Malamin asibitin Gulma ya rasu bara, ban samu na nemi gafararsa ba, na yi masa addu'a. Shi ya fara gaya mini, ban yarda ba. Mutum biyu sunka maimaita, kai ma ka rubuto, na ce dai yaro ne, a littafi ya gani. Yanzu in wani ya tambaye ni a majalisa wa ya tabbatar mini, zan ce wata yarinya ce a Birni. Kai kuwa, tunda Kaduna ta lalata ka ba ka gane zance sai an buɗe, ga shi, kuma rubutu ba kira ba ne. Wadda ta gaya mini daga ƙarshe, na kuma yarda, ɗiyata ce, Ni'imatullahi.

Kada ka karanta mata wannan. In ka ga dama ka sa a ƙarfen.

Kakanka,
Labbo